Laifuka 3, hannu ɗaya: yaya zan ɗaure su a littafin bincike mai jaruma mace?

Ɗiyar Ƙofar Sauri ta rubuta:

Assalamu alaikum marubuta da makaranta. Shawara nake nema a kan littafin da nake rubutawa na binciken laifi. Jarumar mace ce, labarin kuma tsakanin Katsina da Daura yake gudana. Laifuka 3 na shirya: wata amarya ta rasu kwana 40 da tarewa aka ce ciwon ciki ne, wata yarinya 'yar aikatau ta ɓace daga wani gida a cikin birni, sai kuma sarƙoƙin gwal na wata hajiya da suka yi ɓatan dabo ranar biki a Daura. So nake a ƙarshe a gane hannu ɗaya ne a bayan dukkansu.

Na kai shafi na 18 cikin 60 da na tsara, sai masu duba mini suka kasu biyu. Wasu sun gano mai laifin tun a shafi na 7, wasu kuma sun ce kamar littattafai 3 aka ɗinke wuri ɗaya. Ta yaya ake ɗaure irin wannan? Wane aiki ya kamata in ba jarumar: 'yar sanda, lauya ko 'yar jarida? Kuma idan aka yi zargin kisa a nan garin namu, wace hanya maganar take bi a zahiri?

Mai Jan Biro ya amsa:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ƙorafin nan biyu uwarsu ɗaya: kin fara rubutu daga farkon littafi, shi kuwa irin wannan daga ƙarshe ake gina shi.

Ajiye shafukan nan 18 tukuna. Ɗauki takarda ki rubuta labarin laifin kansa, ba tare da jarumar ba, kwana bi kwana: wa ya yi, me yake nema, me ya fara yi, wane kuskure ne ya tilasta masa aikata na biyu, wa ya gan shi har ya zama dole a yi na uku. Idan laifi na biyu bai fito daga cikin na farko ba, to ba a haɗe suke ba, maƙwabtaka kawai suke yi. A naki, misali, gwal ɗin ne aka fara sacewa. 'Yar aikin ita aka aika ta kai ƙunshin ba ta san abin da ke ciki ba, daga baya ta gane, shi ya sa aka gusar da ita. Amaryar kuma ta ga ɗaya daga cikin sarƙoƙin a wuyan wadda bai kamata ba, ta yi magana. Kin ga a zahiri sata ce farko, mutuwa ce ƙarshe. A littafi sai ki juya: ki buɗe da mutuwar, ki rufe da satar. Jarumar tana tafiya da baya ne a kan sawun mai laifi, kuma wannan juyin shi ne rabin daɗin littafin.

Zaren da zai ɗaure su ya zama abu ne da ake iya riƙewa a hannu. Ɗan kunne guda wanda aka gyara maƙalarsa da wani ƙarfe daban, ko littafin adashi, ko lambar waya ɗaya. Ki nuna shi sau 3. Na farko a cikin jerin kaya, inda ido zai wuce: ana lissafa kayan ɗakin amarya bayan rasuwa, kuloli, akwatuna, turaruka, ɗan kunne ware ɗaya, zannuwan gado. Kada ki sa shi a farkon jerin ko a ƙarshensa, tsakiya ake ɓoye abu. Na biyu a bakin wani da yake maganar wani abu daban. Na uku jarumar ta tsaya a kansa. Makarancin da ya koma baya ya tarar da shi a wurare biyun farko, ya gama zama naki.

Ga yadda zan raba shafi 60. Mutuwar ta faru kafin shafi na 3. Ɓatan yarinyar ya shigo wajen na 10 zuwa 12, kuma ya shigo kamar cikas, aikin da aka ɗora wa jarumar alhali hankalinta yana wani wuri. Wajen na 20 ta ga alamar farko cewa akwai alaƙa, ta faɗa, a ƙi yarda da ita. Tsakanin 30 da 35 a kama wanda ba shi ba ne, bisa hujjar da ita kanta ta kawo. Satar Daura ta fito fili wajen 40 a matsayin tsohuwar magana da kowa ya manta. Asiri ya tonu tsakanin 52 da 55, sauran shafukan kuma na abin da ya biyo baya ne.

Dalilin da aka gano mai laifinki a shafi na 7, ko ban karanta ba zan iya cinka: mutum ne mai kirki fiye da kima wanda ba shi da wani aiki a labarin sai kirkin. Makaranci yana lura da wanda aka ajiye babu dalili. Ba shi aiki na gaske. Sannan ki tanadi mutum 4 ko 5 da ake iya zargi, kowanne yana ɓoye wani abu da gaske, amma ba kisa ba: wannan bashi ya ci, wancan aure ya ƙara a ɓoye, waccan ta sayar da filin marayu. Ƙaryar da suke yi don rufe nasu asirin ita ce hazon da mai laifin zai fake a ciki.

Ɗinkin littattafai 3 kuma yana faruwa ne idan kowane laifi ya zo da nasa mutanen. Aƙalla mutum 3 su bayyana a laifuka biyu, ko da wucewa ce. Dillaliya ta dace da wannan sosai, don babu gidan da ba ta shiga.

Abu biyu da nake roƙon ki guje musu. Kada mafarki, ko boka, ko mai laifi ya ji tsoron Allah haka kawai ya zo ya faɗa, su warware miki ƙulli. Kuma kada ki fara sakin shafuka a WhatsApp ko Wattpad kafin ki gama rubutun farko gaba ɗaya. Littafin soyayya yana jure a rubuta yau a saki gobe. Na bincike ba ya jurewa, saboda a shafi na 50 za ki gane kina bukatar dasa wani abu a shafi na 4, shi kuwa ya riga ya yawata gari.

Lauyan Unguwa ya amsa:

Malama, bari in ɗauki ɓangaren shari'a, domin nan ne littattafanmu suka fi zamewa.

Ana fara kai rahoto ne ofishin 'yan sanda na yankin da abin ya faru, ƙarƙashin DPO, wato shugaban ofishin. A rubuta a littafin da ke teburin karɓar rahoto, a ba wani jami'i binciken, a buɗe fayil. Idan kisa ne ko fashi ko fyaɗe, ba a barinsa a can, ana miƙa fayil da wanda ake zargi zuwa sashen binciken manyan laifuka na jiha, wato CID, a nan Katsina. To ga matsalarki, wadda kuma ita ce ribarki: laifukanki 3 fayil 3 ne a ofisoshi daban-daban. Satar Daura tana Daura, tafiyar kusan kilomita 80 ta hanyar Mashi. Babu wata kwamfuta da za ta yi ƙara ta ce ga alaƙa. Sai mutum ya ɗauki ƙafa. Hanyar da ake bi a zahiri idan ana son a ɗauko fayil daga wani yanki ita ce takardar koke zuwa ga Kwamishinan 'Yan Sanda, shi ya ba da umarni a dawo da shi CID. Ki sa hajiyar Daura ko lauyanta su rubuta koken, sai fayil ɗin ya faɗo teburin jarumarki ta hanyar da ba wanda zai ce kin yi son kai.

Muƙaminta ya dace da aikinta. Jerin daga ƙasa: kurtu, kofur, saje, sufeto, sannan ASP, DSP, SP, CSP, har sama. Wadda za ta riƙa shiga gidaje tana ɗaukar jawabi, sufeto ko ASP ce. Idan kika ba ta babban muƙami, tebur za ta riƙe. Idan kika yi ta kurtu, ba ta da bakin yi wa kowa musu. Tun 1955 ake ɗaukar mata aikin ɗan sanda a Nijeriya, kuma doka ta ce mace ce take caje jikin mace, don haka akwai dalili na gaske da zai sa a tura ta inda namiji ba zai je ba.

Tsare mutum yana da iyaka. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a kai shi kotu cikin awa 24 idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, awa 48. An haramta kama wani a madadin wani, kamar a tsare uwa don ɗanta ya fito. Za ki iya nuna jami'in da ya karya waɗannan, amma ki nuna abin da karyawar ta jawo. Jawabin amsa laifi da aka samu ta hanyar duka, lauyan wanda ake tuhuma zai ƙalubalance shi, alƙali ya tsayar da shari'a ya yi ƙaramar shari'a a kan yadda aka samo shi, in ya tabbata tilas aka yi, ya jefar. Babi guda mai zafi ke nan: an kama mai laifi na gaske, amma hujjar ta rushe a hannun abokin aikinta mai gaggawa.

Kotun majistare ba ta yanke hukuncin kisa. Ana kai wanda ake zargi can ne a karanta rahoton farko, a tura shi gidan gyaran hali, a aika kwafin fayil Ma'aikatar Shari'a don daraktan gabatar da ƙararraki ya ba da shawara. In ya ga akwai hujja, sai a shigar da tuhuma a Babbar Kotu. Wannan watanni yake ɗauka, wani lokaci fiye. Littafin da aka kama mutum Litinin aka yanke masa hukunci Alhamis, duk wanda ya taɓa zuwa kotu zai ajiye shi. Rabon gado kuwa kotun shari'ar Musulunci yake zuwa, kuma in kuɗi ne dalilin kisan, lissafin ya zama daidai: matan mamaci tumuni suke rabawa tsakaninsu idan akwai 'ya'ya, ɗa namiji rabon mata biyu, wanda ya kashe kuma ba ya gadon wanda ya kashe.

Ɓatan yarinyar, idan ya zama safara ce aka yi da ita ta Kwangwalam ko ta Jibiya zuwa Nijar, hukumar yaƙi da safarar mutane, NAPTIP, ce mai hurumi, wadda aka kafa a 2003. Jarumarki ba za ta tsallaka Maraɗi ko Damagaram ta kamo mutum da kanta ba. A ganina 'yar sanda ta fi dacewa da littafinki, don lauya da 'yar jarida ba su da ikon tsare kowa ko buɗe fayil.

Inna ta Kusugu ta amsa:

Barista ya yi bayani, Allah ya saka. Amma ɗiyata, ban yarda lallai sai 'yar sanda ba, kuma ko ita kika zaɓa, kakin ba shi zai buɗe mata baki ba. Ranar da ta shiga gidan rasuwa da kaki, ranar kowa zai zama kurma. Abin da ya sa jaruma mace take da amfani a labarin da aka kafa a ƙasar Hausa shi ne zaure. Namiji iyakarsa nan, an rubuta masa ba a shiga. Duk abin da ya faru da amaryar nan a bayan zauren ya faru. In ba ki yi aiki da wannan ba, sunan mace kawai kika sa wa jarumi namiji.

Fara da gawa. A wurinmu wanda ya rasu da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Babu likitan da ya duba, dangi kuma ba sa son a taɓa gawa. To wa ya ga jikin amaryar? Matan da suka yi mata wanka. Tsohuwa ɗaya ko biyu, da ruwan magarya, da kafur a wankan ƙarshe. Su suka warware mata kitso, su suka ga shatar da ke wuya ko damtse, su suka ji warin da ya fito daga bakinta, su suka lura an sauya zanen gado kafin a kira mutane. Kuma tarbiyyar da aka yi musu ita ce mai wanka ba ta faɗin abin da ta gani, rufin asirin mamaci ne. Ga shaida a hannu, ga amana ta ɗaure mata baki. Jarumarki za ta yi zuwa uku ko huɗu gidan tsohuwar nan kafin ta ji kalma ɗaya, kuma ba da tambaya za ta samu ba, da zama za ta samu, ana gyaran zogale ana hira, har tsohuwar ta ce ita dai tun ranar ba ta iya barci. Ki ba wannan wuri shafuka, kada ki yi sauri.

Sannan zaman makoki. Kwana 3 gida cike, ana shigowa ana fita, ga sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in. Lokuta 3 ke nan da al'ada ta tara miki duk waɗanda ake zargi a tsakar gida ɗaya ba tare da kin ƙirƙiri dalili ba. Ki lura da wadda ta fi kowa kuka, da wadda ta ƙi cin abincin gidan, da wadda ta yi saurin kulle ɗakin amarya ta riƙe makulli. Da namiji ne ya rasu, kina da shaidar da ba za ta gudu ba, don mai takaba tana nan wata 4 da kwana 10.

Malam Mai Jan Biro ya ambaci dillaliya. Gaskiya ne tana shiga ko'ina, amma kada ki sa ta zama mai laifin. An gaji da wannan, kuma makaranta mata za su zarge ta tun fitowarta ta farko. Ki bar ta ta zama ma'ajiyar labari. Ita ta san wadda ta sayar da sarƙarta a ɓoye don ta zuba adashi, ta san wadda ta sayi abin da ya fi ƙarfin mijinta. Haka mai kitso, mai lalle, ungozoma, da matar da take kawo 'yan aiki daga ƙauye tana karɓar albashinsu a madadin iyayensu. Wannan ta ƙarshen ita ce ƙofar laifinki na biyu.

Gwal kuma da giram ake auna shi, ana saye da rasit, kuma mai shago yakan nemi rasit in za a sayar masa. Wanda ya sata zai rage kuɗi sosai don a karɓa babu takarda, ko ya kai a narke. In an narke, zance ya ƙare. Don haka abin da zai tsira shi ne guda ɗayan da wani ya ji ƙyashin narkarwa ya ɓoye wa kansa.

Kada ki manta jarumar tana da gida. Mace da za ta tafi Daura da safe ta dawo bayan isha'i, akwai wanda zai tambaye ta, miji ko uwa ko uwar miji. Ba sai kin mai da mijin mugu ba. Ya isa a ce wanda ake zargi ɗan'uwan maƙwabcinsu ne, ana ta zuwa ba shi baki ya ja wa matarsa kunne.

Na Bakin Kasuwa ya amsa:

Ƙarin bayani kan waya da kuɗi kawai, don nan ma ana yawan kuskure. Ba a zama gaban kwamfuta a ga ɗigo yana tafiya a kan titi. Abin da kamfanin waya yake bayarwa, bayan an nema a hukumance, jerin kira ne: wa ya kira wa, ƙarfe nawa, minti nawa, da ƙarfen sabis ɗin da wayar ta kama. Wannan unguwa yake nunawa, ba ɗaki ba. Kowace waya tana da lambarta ta jiki mai lamba 15, ko an sauya layi tana nan, don haka wayar yarinyar da ta ɓace za ta iya farfaɗowa bayan wata biyu a hannun wanda ya saya a kasuwa, a bi ta hannu-hannu. Tun ƙarshen 2020 aka fara tilasta haɗa layi da lambar NIN, amma sunan da ke kan layi sau da yawa ba na mai riƙe da shi ba ne, wata da sunan ƙaninta aka yi mata rajista. Kusa da iyaka waya takan kama sabis ɗin Nijar, sawu ya ɓace. In labarinki a ƙarshen 2021 yake, ki tuna a watan Satumba na shekarar an katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan.

Mai POS shaida ne mai kyau, don da yawansu suna rubuta suna da lambar wanda ya cire kuɗi masu yawa a littafi. Amma duk abin da aka ciro daga waya ko kwamfuta, sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana neman a haɗa shi da takardar tabbatar da na'urar da ta fitar da shi. Barista zai gyara mini in na kauce.

Ɗiyar Ƙofar Sauri ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Inna, maganar mai wanka ta sauya mini littafin gaba ɗaya. Zan bar jarumar a sufeto, amma ta shiga gidan da hijabi a matsayin mai gaisuwa. Barista, saura tambaya ɗaya: tunda an riga an binne amaryar, za a iya tono ta? Kuma maganar mai wanka za ta karɓu a kotu?

Lauyan Unguwa ya sake amsawa:

Ana iya tonowa, amma ba da umarnin jarumarki ko DPO ba. Majistare mai hurumin binciken musabbabin mutuwa ne yake ba da izini a rubuce, likitan binciken gawa ya yi aikin. Ki sa ran dangi za su tashi tsaye, har a kai magana wurin mai unguwa da hakimi. Sannan gawar da aka sa a ƙasa da likkafani kawai, a zafin Afrilu da yake haura digiri 40, ba ta daɗewa. Bayan makonni karaya a ƙashi za ta nuna, amma shata a fata ta tafi, guba irin fiya-fiya kuma tana lalacewa, da wuya a dogara da sakamakon.

Abin da ya fi miki sauƙi shi ne a ce an kai ta asibiti kafin ta cika. Sai katinta ya zama hujja: ma'aikaciyar jinya ta rubuta gumi, dalalar miyau, kumfa, numfashi da ƙyar, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura. Wannan ba alamar ciwon ciki ba ce, kuma tana raye ake ganinta da kyau. In kuma amaryar ta faɗa wa wani abin da aka ba ta tana ganin mutuwa ta zo, doka tana karɓar wannan magana daga bakin wanda ya ji.

Mai wanka za ta iya ba da shaida a kan abin da idonta ya gani da abin da hancinta ya ji. Ba za ta ce guba ce ta kashe ta ba, wannan na likita ne. Abin da wata ta gaya mata a wurin makoki kuma ji-ta-ji-ta ne, lauya zai miƙe ya ƙi amincewa kafin ta rufe baki. Na Bakin Kasuwa bai kauce ba a kan sashe na 84. Ki sa sufeton ta karɓo takardar tun ranar da aka ba ta jerin kiran, kada ta jira sai an shiga kotu.